An Auna da Namiji, An Ba Mace: Tarihin Maganin Ciwon Damuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin maganin asibiti ya san 'yar takardar nan da ake naɗewa a ciki, mai ƙananan rubutu. A cikinta ake bayyana yawan abin da babba zai sha, da na yaro, wani lokaci har da na tsoho. Da wuya ta faɗi ko babban nan namiji ne ko mace, in ban da gargaɗin da akan yi wa mai ciki da mai shayarwa. Ga yawancin magunguna wannan shiru ba ya damun kowa. Amma ga maganin ciwon damuwa, wato baƙin cikin nan da ke danne mutum makonni, ya hana shi barci da cin abinci da jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, shirun yana da nauyi, domin mata ne suka fi shan maganin. Ƙididdigar da hukumar lafiya ta Amurka ta yi tsakanin 2015 da 2018 ta nuna cewa kashi 17.7 cikin ɗari na manyan mata sun sha irin wannan magani a watan da ya gabaci ranar da aka tambaye su, maza kuwa kashi 8.4.

Tunda haka ne, sai mutum ya zaci tun ranar da aka haɗa maganin aka fara bincika ko aikinsa ɗaya ne a jikin mace da na namiji. Tarihi ya nuna akasin haka. An yi shekara arba'in da 'yan kai ana rubuta wa mata waɗannan ƙwayoyi kafin a sami babban binciken da ya sa tambayar a gaba. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan jinkiri a Turai da Amurka, inda aka haɗa magungunan, ta duba abin da aka tarar bayan an waiwayo, da kuma asarar da jinkirin ya jawo wa mata da maza baki ɗaya.

Kafin Zuwan Ƙwaya

Ciwon ya girmi maganinsa da fiye da shekara dubu biyu. Likitocin Girka na dā sun kira shi malankoliya, domin sun ɗauka wani baƙin ruwan matsarmama ne ke rinjayar jiki. Likitocin Musulunci suka gaji kalmar. A Ƙairawan, garin mai Risala, Ishaƙ ibn Imran ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon wajen farkon ƙarni na 10, ya kuma lissafa masu yawan karatu da zurfin tunani cikin waɗanda yakan kama. A Ingila ma, Robert Burton, malami a Oxford, ya keɓe sashe guda ga wahalar malamai a katafaren littafinsa na 1621 kan malankoliya. A wurin irin waɗannan marubuta ciwon na masu ilimi ne, har da ɗan ƙanshin daraja a jikinsa. Mace kuwa idan ta zo da kuka da kasala da rashin barci, akwai wani suna da ke jiran ta, wato histeriya, daga kalmar Girkanci mai nufin mahaifa.

Bambancin suna ya haifi bambancin magani. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi wani shahararren likitan jijiyoyi a Philadelphia mai suna Silas Weir Mitchell. Idan mace ta zo masa da gajiyar rai, sai ya kwantar da ita makonni a gado, a dura mata madara, a hana ta baƙi da karatu da rubutu. Idan namiji ne, sai ya tura shi yammacin Amurka ya hau doki, ya yi farauta, ya sha iska. Owen Wister ya tafi Wyoming a 1885 bisa shawarar Mitchell, kuma daga wannan tafiya ya samo duniyar da ta mayar da shi shahararren marubuci. Charlotte Perkins Gilman ta shiga hannun likitan a 1887, bayan damuwar da ta kama ta da haihuwar 'yarta. Ya sallame ta da umarnin ta zauna a gida, ta rage aikin tunani, ta rabu da alƙalami. Ta bi umarnin har ta kusa rasa hankalinta, sannan ta watsar, ta rubuta gajeren labarinta The Yellow Wallpaper, wanda aka buga a 1892. A zamanin nan kuma ruwan ofiyom da ake sayarwa a kantuna shi ne abin kwantar da hankali, kuma yawancin waɗanda suka kamu da jarabarsa a Amurka mata ne, galibi ta hannun likita.

Ƙwayoyi Biyu da Aka Tsinta

Maganin farko na zamani tsintuwa aka yi, har sau biyu. A 1952, a asibitin Sea View da ke New York, ana gwada sabon maganin tarin fuka mai suna iproniazid, sai aka lura masu jinya sun warware, suna ci, suna raha, wasu har da rawa a ɗakin jinya. Bayan shekara biyar likitan ƙwaƙwalwa Nathan Kline ya ba masu ciwon damuwa shi, ya kuma ba da rahoton nasara. An janye maganin daga kasuwar Amurka a 1961 saboda yana lalata hanta, amma ya bar dangi a baya, waɗanda ake kira MAOI a taƙaice.

A can ƙasar Suwizalan kuma, a asibitin Münsterlingen, likita Roland Kuhn yana gwada wani sinadari na kamfanin Geigy a kan masu taɓin hankali mai tsanani. Bai yi musu amfani ba. Da ya ba masu ciwon damuwa, sai ya ga wasunsu sun fara tashi daga gado suna magana. A 1957 ya fitar da rahoto a kan mutum 40, aka sa wa maganin suna imipramine. Ɗan'uwansa amitriptyline ya biyo baya a 1961.

Tambayar da ake yi a wannan zamani guda ce: yana aiki ko ba ya yi? Akwai mata cikin masu jinyar da aka gwada, sau da yawa ma su ne suka fi yawa, amma idan aka zo lissafi sai a haɗa kowa a ƙwarya ɗaya a fitar da matsakaici. An sami wanda ya raba ƙwaryar. A 1974 Allen Raskin, mai bincike a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, ya ba da rahoton cewa mata 'yan ƙasa da shekara 40 ba sa amfana da imipramine kamar yadda maza da manyan mata ke amfana. Rahoton ya kwanta a mujalla, aikin likitoci bai sauya ba.

Zamanin Valium

Yayin da ɗakin bincike ke haɗa maza da mata wuri ɗaya, kasuwa tuni ta san wa take nema. Miltown ya fito a 1955, Librium a 1960, Valium a 1963. Waɗannan magungunan fargaba ne da tashin hankali, amma a ɗakin likita na lokacin iyakar da ke tsakanin fargaba da damuwa ba ta da ƙarfi, don haka macen da ta zo da ƙuncin rai ta fi fita da Valium. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da aka fi rubutawa a Amurka kamarsa, kuma a 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya sama da biliyan biyu. Ruth Cooperstock, mai binciken zamantakewa a Toronto ta Kanada, ta nuna cewa ana rubuta wa mata irin waɗannan ƙwayoyi kusan ninki biyu na maza. Tallace-tallacen da ake bugawa a mujallun likitoci su ma sun fi nuna hoton mace: matar gida da aiki ya sha kanta, ko 'yar shekara 35 da ba ta yi aure ba.

Masu fafutukar 'yancin mata suka ce ana rufe bakin matsalar zaman gida da ƙwaya. Jarabar maganin ta fito fili lokacin da Betty Ford, matar tsohon shugaban Amurka, ta bayyana a 1978 cewa ta kamu da jarabar giya da ƙwayoyin likita. A shekarar da ta biyo, Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zaman majalisa a kan Valium. Wannan zamani ya bar tabo iri biyu. Ya sa likitoci da jama'a sun saba ganin ƙuncin rai a fuskar mace, ya kuma sa mata da yawa zargin duk wata ƙwayar ƙwaƙwalwa, har da wadda za ta yi musu amfani.

Ƙofar da Aka Rufe a 1977

Abin da ya fitar da mata daga ɗakin gwaji ya samo asali daga wani bala'i na gaske. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar da thalidomide, maganin barci da aka riƙa ba masu ciki saboda laulayi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai sama da dubu goma da nakasa a hannu da ƙafa. Amurka ta tsira daga mafi munin abin saboda wata jami'ar hukumar kula da abinci da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa da shi. Dokar 1962 ta tsaurara sharuɗɗan gwaji. Sannan a 1977 hukumar ta fitar da jagora cewa kada a sa macen da za ta iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin sabon magani, ko da tana tsarin iyali, ko da ba ta da miji, sai fa idan ciwon mai barazana ga rai ne.

Niyyar kare jarirai ce, amma an gudu gara an faɗa gidan zago. A matakan farkon nan ne ake gano yadda jiki ke tsotse magani, da tsawon zamansa a jini, da adadin da jiki zai iya ɗauka. Ma'ana, tela ya auna miji ya yanka yadi, sai aka kai wa matar ta gwada bayan an gama ɗinki. Mata sun ci gaba da shiga manyan gwaje-gwaje na ƙarshe, amma a kan adadin da aka riga aka tsayar, kuma da wuya a raba sakamakonsu da na maza. Ko a kan ɓeraye haka abin yake: masu bincike sun fi son maza, wai sauyin sinadaran jikin macen ɓera yana dagula lissafi. Wani nazari na 2011 ya tarar cewa a fannin ilimin ƙwaƙwalwa, binciken da aka yi da dabbobi maza zalla ya ninka na mata zalla sau biyar da rabi.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 1977 ne Myrna Weissman da Gerald Klerman suka tattara ƙididdigar ƙasashe da dama, suka nuna cewa ciwon damuwa yana kama mata kusan ninki biyu na maza. A shekara guda aka tabbatar da wanda ya fi buƙatar maganin, aka kuma rufe masa ƙofar gwajinsa. Jagorar ta yi shekara 16 tana aiki, kuma a tsakiyar waɗannan shekaru ne aka amince da fluoxetine, wato Prozac, a watan Disamba na 1987. Shi ne ya shahartar da sabon dangin magunguna masu aiki a kan sinadarin serotonin, waɗanda ake kira SSRI.

Tambayar da Ta Makara

Juyin ya zo ta hanyar majalisa. A 1990 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya nuna cewa cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar ba sa aiki da manufarsu ta sa mata a bincike. 'Yan majalisa mata irin su Patricia Schroeder suka tayar da ƙura, suna misali da wani gwajin asfirin da aka yi da likitoci maza 22,071 ba mace ko ɗaya. A 1993 aka yi dokar da ta wajabta sa mata a gwaje-gwajen da gwamnati ke biya, kuma a shekarar aka soke jagorar 1977.

Sai a 2000 amsa mai nauyi ta fito. Susan Kornstein da abokan aikinta sun duba mutum 635 masu daɗaɗɗen ciwon damuwa, mata 400 da maza 235, waɗanda suka yi mako 12 suna shan sertraline, ɗan dangin Prozac, ko imipramine. Mata sun fi samun sauƙi da sertraline, maza kuwa da imipramine. Matan da ke shan imipramine sun fi saurin watsar da shi. Bambancin ya fi fitowa ga matan da ba su daina al'ada ba. Waɗanda suka daina, magungunan biyu sun yi musu aiki kusan ɗaya. Wannan ya dawo da maganar Raskin bayan shekara 26, ya kuma sa aka fara zargin cewa sinadarin estrojin yana taimaka wa magungunan serotonin.

Murna ba ta daɗe ba. A 2002 Frederic Quitkin da abokansa a New York suka tattara bayanan mutum 1,746 da aka yi wa magani cikin shekara 20. Ba su ga bambanci ba a kan imipramine da danginsa, haka ma a kan fluoxetine. Mata sun ɗan fi amfana da dangin MAOI, amma masu binciken da kansu suka ce ratar ba ta kai ta sauya aikin likita ba. Daga baya babban gwajin STAR*D, inda mutum 2,876 suka sha citalopram, ya nuna cewa kusan kashi 29 na mata sun warke sarai, maza kuwa kusan kashi 24. Akwai rata, amma 'yar kaɗan ce, kuma darasin da ya fi girma a wannan gwaji shi ne cewa magani na farko bai warkar da ko kashi ɗaya bisa uku na kowane jinsi ba.

Inda bambancin ya fi tabbata shi ne tafiyar magani a cikin jiki. A matsakaici mace ta fi namiji ƙarancin nauyi da yawan kitse, kuma yawancin waɗannan magunguna a kitse suke taruwa. Wasu sinadaran hanta masu narkar da magani sun fi sauri a jikin namiji, wasu a jikin mace. Ƙwayar tsarin iyali tana rage saurin wasu daga ciki, juna biyu kuma yana ƙara saurin wasu, har adadin da ya ishi mace a farkon ciki ya kasa isar ta a ƙarshensa. Duk da haka, har yau manyan jagororin likitoci ba su ware maganin damuwa na maza da na mata ba. A wani fanni na kusa an yi hakan: a 2013 aka rage wa mata adadin maganin barci zolpidem daga miligram 10 zuwa 5, bayan shekara ashirin yana kasuwa, domin an gano yana kwana a jininsu har safiya.

Ciki da Jego

Babu inda jinkirin ya fi ciwo kamar wurin mai ciki. Tun 1858 likitan Faransa Louis-Victor Marcé ya rubuta littafi a kan rikicewar hankalin masu ciki da masu jego, amma da yake ba a sa masu ciki a gwaji, likitoci sun riƙa koyo ne daga abin da ya riga ya faru. A 2005 aka yi gargaɗi cewa paroxetine na iya ƙara haɗarin nakasar zuciya ga jariri. A 2006 binciken Lee Cohen a kan mata 201 ya nuna ɗaya gefen: kashi 68 na waɗanda suka daina magani saboda ciki ciwon ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 26. Gaba kura, baya siyaki, kuma ita kaɗai aka bari da zaɓin. Maganin farko da aka yi musamman domin damuwar bayan haihuwa, brexanolone, sai a 2019 aka amince da shi, shekara 161 bayan littafin Marcé, kuma ƙarin ruwa ne na awa 60 a asibiti. Na haɗiya, zuranolone, ya zo a 2023. Kasuwa dai ba ta jira haka ba: tun a 2000 kamfanin Eli Lilly ya sauya wa fluoxetine launi da suna, ya kira shi Sarafem, yana sayar wa mata domin tsananin ƙuncin da ke zuwa gabanin al'ada.

Mazan Gotland

Kuskure ne a ɗauka mata kaɗai suka yi asara. Gotland tsibiri ne na ƙasar Suwidin, wanda a 1983 yake da mutane ƙasa da dubu sittin. A 1983 da 1984 aka koya wa likitocin tsibirin yadda za su gane ciwon damuwa su yi maganinsa. Rubuta magani ya ƙaru, yawan masu kashe kansu ya ragu. Da likita Wolfgang Rutz da abokansa suka sake duba alƙaluman, sai suka ga raguwar kusan duk ta mata ce, ta maza ba ta motsa ba. Likitocin sun koyi gane kuka da kasala da zargin kai. Namijin da ciwon ke ci kuwa sau da yawa da fushi yake fitowa, da shan giya, da ganganci, kuma ba ya zuwa asibiti. Wannan ya sa Rutz ya tsara wasu tambayoyi na musamman domin gano damuwar maza. A Amurka maza suna mutuwa ta hanyar kashe kai kusan ninki huɗu na mata, alhali rabin abin da mata ke sha na magani suke sha. Ciwon da a dā ake ganin na malamai maza ne ya koma na mata a idon likita, har namijin da ke ɗauke da shi ya ɓace a gabansa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa bambancin da ke cikin ƙwayar kanta, gwargwadon abin da aka iya aunawa zuwa yau, ƙarami ne, kuma masana ba su gama daidaitawa a kansa ba. Babban bambancin mutane ne suka yi shi da hannunsu, wajen zaɓen wanda za a auna, da wanda za a rubuta wa magani, da wanda za a yarda ba shi da lafiya. Mace ta sha abin da ba a auna da jikinta ba, namiji kuma aka auna da shi amma ba a ba shi ba. Sai a 2016 cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka wajabta wa masu neman kuɗinsu su riƙa lura da jinsi tun daga kan dabbobin gwaji, saboda haka aikin gyara bai daɗe da somawa ba.

Labarin na Turai da Amurka ne, amma ƙwayoyin sun iso mu. Amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma su ne likitocinmu ke yawan rubutawa, da takardar nan tasu mai cewa ga adadin babba. Waiwaye adon tafiya: wanda ya san yadda aka samo wannan adadi ba zai jefar da maganinsa ba, domin ya ceci rayuka da yawa, amma zai san abin da zai faɗa wa likita. Mace ta faɗi idan tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana tsarin iyali, ko al'adarta ta ɗauke, ta kuma faɗi idan maganin ya fi ƙarfinta. Namijin da aka raina a kan cewa namiji ba ya kuka, wanda barci ya ƙaurace masa, fushi ya yi masa yawa, shi ma akwai kujerarsa a ɗakin likita.